Yadda ake duba mara lafiya a Legas kafin a kai ga likita: shanyewar jiki, farfaɗiya, zuciya da fata

Bayan La'asar aka shigo mana asibiti da wani dattijo mai sayar da goro daga Agege, 'ya'yansa biyu sun tallabo shi, ƙafar dama tana jan ƙasa. Na tambayi babban, "Ƙarfe nawa abin ya fara?" Ya ce tun bayan Asuba, a teburin mai shayi. Kofi ne ya suɓuce daga hannun Baba, ya sunkuya zai ɗauka hannun ya ƙi, da aka yi masa sannu sai magana ta fito kamar ta wanda ya cika baki da tuwo. Daga nan aka kai shi ɗaki, aka mulke shi da man zafi, aka yi hayaƙi, wani maƙwabci ya kawo ƙwayar hawan jini guda biyu, aka ɗura masa kunu ya ƙware. Kowa da kyakkyawar niyya ya yi. Amma an ci fiye da awa tara, alhali daga Agege zuwa asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, da sassafe irin wannan, ba wata tafiya ba ce.

Ni ma'aikacin jinya ne, a sashen gaggawa na fi daɗewa. Daga cikin tsarin da muke bi idan aka ajiye mana mutum, na tsamo wanda ba ya buƙatar komai sai ido da hannu da agogon waya, domin ka iya bambanta wanda za a jira gari ya waye da wanda za a ɗauka yanzu ko da ruwa ake tsugawa.

Minti na farko, ko mene ne ciwon

Da zarar mutum ya faɗi ko ya sauya, kalli agogo ka riƙe lokacin, in da hali ka rubuta a waya. Sannan ka durƙusa, ka dafa kafaɗarsa, ka kira shi yadda ka saba kiransa. Ka zuba wa ƙirjinsa ido na daƙiƙa goma. Idan yana numfashi amma ba ya cikin hayyacinsa, juya shi ya kwanta a gefe, ka ɗan ɗaga haɓarsa, domin yawu ko amai su zubo waje maimakon su gangara huhu. Idan ba ya numfashi, ko sai jan iska ɗaya-ɗaya kamar wanda aka shaƙe, kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tafin hannu kan ɗan'uwansa a tsakiyar ƙirji, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Kada ka tsaya sai taimako ya iso ko wani ya karɓe ka.

Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce, "Malam, kai kira 112." In ka ce wa taro "a kira mota", kowa zai zaci wani ya kira. A Legas 112 da 767 duk lambobin gaggawa ne, kyauta ake kiransu, ta nan ake samun motar asibiti ta LASAMBUS. Ni dai shawarata, ana kira ana neman wata motar a unguwa, wadda ta riga zuwa ita ce taka. Kowa ya san halin titin Ikorodu da safe.

Tambaya ɗaya ta rage: yana da ciwon suga? Faɗuwar suga takan yi kama da shanyewar jiki, da zufa da rawar jiki da sambatu. In akwai na'urar awo kusa, ƙasa da 70 faɗuwa ce. Idan yana iya haɗiya, ba shi lemon kwalba ko ruwan sukari, cikin minti 15 za ka ga sauyi. Idan ba ya cikin hayyacinsa, kada komai ya shiga bakinsa.

Shanyewar ɓarin jiki

Gwaji uku ne, ba su cin minti ɗaya. Ka ce, "Baba, nuna min haƙoranka," ka duba ko gefen baki ɗaya ya zube. Ka ce ya miƙe hannu biyu a gabansa, tafin a sama, ya rufe ido, ka ƙirga goma. Hannun da ya sami matsala zai riƙa sauka ko juyawa, mai shi bai sani ba. Sannan ka sa shi magana, ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ya ci jiya. Ka saurari nauyin harshe, ka kuma lura ko kalmomin suna fita daidai amma ba ma'ana, ko ba ya gane abin da kake faɗa. Ɗaya kawai cikin ukun ya ishe ka hujja. Haka ma ɗaukewar gani nan take, ko layi kamar wanda ya bugu, ko ciwon kan da ya sauko lokaci guda wanda mutum zai ce bai taɓa jin irinsa ba.

Ga dalilin da ya sa muke hana ba da magani a gida. Shanyewar jiki iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wani yanki na ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya kwarara a ciki. Daga waje kamanninsu ɗaya, ko likita ba ya rantsewa sai an yi hoton kai na siti sikan. Asfirin yana taimakon mai toshewa, amma yana ƙara wa mai fashewa zubar jini. Kuma a yankinmu fashewar ba ƙarama ba ce: binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, aka wallafa a 2018, ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki fashewa ce, hawan jini kuma shi ne kan gaba a musabbabi. Ƙwayar hawan jinin maƙwabci ma haɗari ce, domin a wannan lokaci ƙwaƙwalwa na buƙatar matsin jinin don ya ratsa ta gefen toshewar, in aka saukar da shi da gaggawa ɓarnar ƙaruwa take. Ruwa da kunu da rubutu kuwa, maƙogwaron mai shanyewar jiki sau da yawa shi ma ya shanye, abin da aka ɗura huhu yake tafiya, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da ciwon huhu. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Akwai allurar narkar da gudan jini, amma cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon ake yinta, bayan hoto ya nuna ba fashewa ba ce, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Shi ya sa lokacin da ka rubuta yake da daraja. Idan da ciwon ya farka daga barci, lokacin da ake ƙirgawa shi ne na ƙarshe da aka gan shi lafiya. Kada a ɓata awannin nan a kemis ko ƙaramin asibitin lungu da zai ɗaura ruwa ya jira. Mutanen Idi-Araba, asibitin koyarwa na LUTH na ƙofar gidanku. Na Agege su nufi LASUTH. Daga Mile 12 da Ketu babban asibitin Gbagada ya fi kusa, daga Obalende kuma babban asibitin da ke tsibirin Legas, in abin ya fi ƙarfinsu su tura gaba.

Wani lokaci alamun sukan ɗauke da kansu cikin minti goma ko ashirin, mutum ya miƙe ya ce iska ce ta buge shi. A kai shi ranar. Gargaɗi ne, kuma babbar ta fi biyowa a kwanakin farko.

Akwai karkacewar baki da ba shanyewar jiki ba ce, ta kumburin jijiyar fuska. Ka ce mutum ya ɗaga gira. Idan goshin ɓangaren ya ƙi tattarewa, idon ya ƙi rufuwa, hannu da ƙafa da magana lafiya lau, galibi ita ce. Ana ba da ƙwayar firedinisolon cikin awa 72, ana ɗiga ruwan ido, a rufe idon da dare kada ya bushe, yawanci kuma tana warkewa. Duk da haka likita ya kamata ya yanke hukuncin, a ranar.

Bayan sallama, a riƙa juya wanda ba ya motsi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, a ciyar da shi a zaune, a fara zuwa sashen gashi da wuri. Watannin farko su ne lokacin da jiki ya fi dawowa. Da yawa ana tura su gida Arewa a motar dare ba takardar asibiti ba magani, wannan kam ina roƙo a daina.

Farfaɗiya da jijjiga

A nan aikin ɗan kallo ya fi yawa a abin da zai bari. Kada ka cusa cokali ko yatsa a baki, ba wanda ke haɗiye harshensa, haƙora kawai ake karyawa. Kada ka danne shi. Kada a kai ƙafarsa wuta, kada a zuba manja ko wani jiƙo a baki. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, wannan camfi ya sa ana gudun mutum ya faɗa kwata ko kaskon mai suya ba mai janye shi.

Abin yi: duba agogo, kawar da abin da zai ji masa ciwo, sa riga a ƙarƙashin kansa, sassauta wuyan riga. Da jijjigar ta lafa, juya shi gefe, ka zauna da shi har ya dawo daidai, domin yakan tashi a ruɗe. In akwai mutum na biyu, ya ɗauki bidiyo. Na san abin yana da nauyi, amma bidiyon daƙiƙa talatin ya fi bayanin mutum biyar amfani a wurin likita, muddin ba a watsa shi a WhatsApp ba.

A ruga asibiti idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, ko wannan ce ta farko a rayuwarsa, ko ya bugu a kai. Mai ciki ko mai jego da ta yi jijjiga, taune-taune ne, wato jijjigar hawan jinin juna biyu, har sai an tabbatar da ba shi ba, allurar maganiziyam salfet take buƙata, ba ta jira. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 yakan yi jijjiga saboda zafin zazzaɓi, amma sai an auna maleriya an kuma duba wuya. Zazzaɓi da sandarewar wuya da ƙin haske, sanƙarau ake tsoro.

Galibi ba a ce wa mutum mai farfaɗiya sai ya yi jijjiga sau biyu ba tare da wani dalili kamar zazzaɓi ko faɗuwar suga ba, da tazarar fiye da awa 24. Likita kan nemi awon wutar ƙwaƙwalwa, wani lokaci da hoto. Magungunan da aka fi sani su ne kabamazefin, fenobabiton da balfurowet, na ƙarshen nan ana kauce wa ba mace mai shekarun haihuwa saboda illarsa ga ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu ciwon za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani daidai. Abin da ke dawo mana da su shi ne yanke magani rana ɗaya don an ga sauƙi, ko rashin barci. Mai farfaɗiyar da ba ta lafa ba ya haƙura da kabu-kabu da hawa gini da aiki a bakin ruwa.

Zuciya, daga awon jini

Yawancin awon hawan jinin da ake yi a bakin kasuwa ba daidai ake yinsa ba. Ɗan dako ya sauke buhun albasa, yana haki, goro a baki, a ɗaura masa na'ura a kan riga. Ga yadda ake yi: minti 30 kafin awo ba goro, ba kofi, ba sigari. Ka yi fitsari. Ka zauna minti 5, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, ba a harɗe ba. Damtse tsirara, a ɗora hannu kan tebur daidai da tsayin zuciya, maɗaurin ya dace da kaurin damtsen, domin ƙarami yana ƙara lamba. Ba magana. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, kwana bakwai, a rubuta duka. A asibiti 140/90 ko sama shi ne hawan jini, a awon gida kuma 135/85. Idan ya kai 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, asibiti yanzu.

Kana nan zaune, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa ka ƙirga bugun jijiya na minti guda. 60 zuwa 100 shi ne daidai. Ka kuma ji ko bugun na tafiya a jere ko yana tsalle ba tsari. Mara tsari yana buƙatar awon zuciya na isiji, domin akwai irinsa da ke tara gudan jini a zuciya ya harba shi ƙwaƙwalwa.

Maganin hawan jini kullum ake sha, ba sai kai ya yi ciwo ba. Amlodifin yakan kumbura idon sawu, lisinofiril yakan kawo busasshen tari, kuma shi da losatan ba a ba mai ciki. In ɗaya ya dame ka, ka koma a sauya maka, akwai wasu. Gishirin yini duka kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, a lissafa da dunƙulen miya da yajin tsire da ɗanɗanon indomi. Sai kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da masu aikin ƙarfi ke sha kamar gyaɗa, suna ɗaga jini suna cin ƙoda.

Bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke shayar da zuciyar kanta, yana zuwa kamar an ɗora dutse a tsakiyar ƙirji, ya miƙa hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, da zufa mai sanyi da tashin zuciya. Mutanenmu sukan ce olsa ce ta tashi. A mata da masu suga, wani lokaci haki da gajiya kawai ake gani. Zaunar da shi a jingine, kada ya taka, ka ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, in ba ya da rashin jituwa da shi ko gyambon ciki mai zubar jini. Ka lura da bambancin: asfirin na ciwon ƙirji ne, ba na shanyewar jiki ba. A asibiti ka faɗi "ciwon ƙirji" tun daga ƙofa, a yi isiji nan take.

Gazawar zuciya a hankali take shigowa. Tambayi mutum filo nawa yake tarawa kafin ya iya barci, ko yana farkawa tsakar dare yana neman iska. Danna ƙaurinsa da babban yatsa na daƙiƙa biyar, in rami ya zauna, ruwa ne. Wanda aka ɗora kan Lasix, ƙwayar fitar da ruwa daga jiki, ya riƙa hawa sikeli kowace safiya, ƙarin kilo 2 cikin kwana uku alama ce ta komawa asibiti. Iyayenmu mata, ga taku: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciyar gadon wuta. Kanwa cike take da sinadarin gishiri. Mai jegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya miƙe, a dakatar da kanwar a kai ta awon zuciya, ko da Gwaggo za ta yi fushi.

Fata

A duba fata da hasken rana, a tambayi abu uku: tun yaushe, wa kuma ke susa a ɗakin, me aka riga aka shafa. Ta ukun ce ta fi tona asiri. Mayukan nan masu haɗi uku da na bilicin galibi suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, suna kwantar da ƙaiƙayi kwana kaɗan, ciwon na yaɗuwa a ƙarƙashi, fata na sirancewa tana nankarwa. Ka zo da kwalin.

Ƙaiƙayin da ya fi tsanani da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya da al'aura, ƙazuwa ce. A ɗakin 'yan ci-rani da mutum takwas ke raba tabarma, yi wa mutum ɗaya magani asarar kuɗi ce. Kowa a dare ɗaya, har wanda bai fara susa ba. Man fametirin mai kashi 5 daga wuya har tafin ƙafa, har ƙarƙashin farce, a kwana da shi awa 8 zuwa 14 a wanke, a maimaita bayan kwana bakwai. In benzil benzowet aka samu, awa 24 yake yi a jiki, yana da zafi, na yara sai an tsarma shi. Tufafi da zannuwan gado a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda mako guda. Ƙaiƙayin yakan ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwarin sun mutu.

Makero a kan yaro ba ya jin man shafawa, sai ƙwayar girisiyofulbin mako 6 zuwa 8, a kuma raba shi da askar haya da hular wani. Na jiki mai zagaye kamar kwabo, man kilotirimazol sau biyu a yini, mako biyu zuwa huɗu. Kyasbi, wanda zufar Legas ke kiwo, sabulun ruwa na ketokonazol yana kashe shi, amma launin fata sai bayan watanni yake daidaita.

Biyu ne ba a wasa da su. Wanda ya fara sabon magani, musamman kabamazefin, fenobabiton ko na salfa irin Septrin, sai ga zazzaɓi da ƙuraje da gyambo a leɓe ko jan ido, ya dakatar ya tafi asibiti a ranar da kwalin a hannu, domin fata na iya saluɓewa kamar ƙuna. Na biyu, tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi. Ka sa mutum ya rufe ido, ka shafa auduga a kan tabon sannan a gefensa. Idan ya ji na gefe bai ji na kan tabon ba, a gwada kuturta. Maganinta kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata 6 ko 12, kuma in an kama ta a wannan mataki galibi yatsu ba sa taɓuwa.

Kafin ku fita daga gida, ko wane ciwo ne, a zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya. A ɗauki littafin awon jini da katin inshorar lafiya na Ilera Eko in yana da shi. Wanda ya ga farkon abin da idonsa shi zai shiga motar, in ba ya jin Turanci ko Yarabanci a haɗa shi da mai ji.